Yadda Wayar Salula Ke Gwada Jin Jariri Ba Tare Da An Tambaye Shi Ba

A Garun Mallam, Kura ko Bunkure, idan uwa tana so ta san ko jaririnta yana ji, tafi take yi kusa da kunnensa, ko ta buga kwano. Matsalar ita ce jariri na iya juyowa saboda ya ga motsin hannu ko iska ta taɓa shi. Shi ya sa sau da yawa ba a gane yaro ba ya ji sai ya kai shekara biyu ko uku bai fara magana ba, alhali ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce a gwada shi kafin wata 1, a tabbatar da matsalar kafin wata 3, a fara taimaka masa kafin wata 6.

Kunne ma yana fitar da sauti

Manhajojin gwajin ji da aka saba gani suna buƙatar mutum ya danna allo idan ya ji ƙara. Jariri ba zai iya ba. Mafita ta samo asali ne a 1978, lokacin da David Kemp ya gano a Landan cewa lafiyayyen kunne yana mayar da wani ɗan sauti idan ƙara ta shige shi. Sautin yana fitowa daga can ciki, wani sashe mai siffar katantanwa. Ana kiran gwajinsa OAE. Idan makirfo ya kama sautin, sashen yana aiki.

Yadda lissafin yake

Na'urar tana aika sauti biyu lokaci guda, f1 da f2. Kunne mai lafiya sai ya ƙirƙiro na uku a daidai 2f1 − f2. Misali, idan f1 ya kasance 2,000 Hz, f2 kuma 2,440 Hz, amsar za ta fito a 1,560 Hz. Aikin manhaja shi ne ta rarraba abin da makirfo ya ɗauko, ta duba ko akwai wani abu a wannan gurbin da ya ɗara hayaniyar ɗaki. Saboda sautin ba shi da ƙarfi, ana maimaita awon sau da yawa a ɗauki matsakaici.

Daga dubban daloli zuwa dala 10

Na'urorin asibiti na wannan gwaji kan kai dubban daloli. A 2022, masu bincike a Jami'ar Washington ta Amurka, ciki har da Justin Chan da Shyam Gollakota, suka haɗa tasu da wayar Android, iyafis mai araha, ƙaramin makirfo da siririn bututu, a kan kusan dala 10 ban da kuɗin wayar. Kowane ɓangare na iyafis ɗin yana fitar da sauti ɗaya, su haɗu a cikin kunne. Da aka gwada ta a kan yara a birnin Seattle, sakamakonta ya yi daidai da na na'urar asibiti.

Me zai sa ta yi aiki a nan?

Yawancin haihuwa a karkarar Kano a gida ake yi, don haka gwaji a ɗakin haihuwa kaɗai zai tsallake jarirai da yawa. Binciken Dakta Bolajoko Olusanya a Legas ya nuna ma'aikatan lafiya na matakin farko za su iya yin gwajin ranar allurar BCG, lokacin da iyaye mata ke kawo jarirai da kansu.

Mai son gina irin wannan manhaja don yankin Kadawa sai ya lura da abu uku. Na farko, hayaniya: injin ban ruwa, injin casar shinkafa da manyan motocin titin Kano zuwa Zariya za su iya danne sautin, don haka manhaja ta dakata da awo idan ƙara ta yi yawa. Na biyu, ta yi aiki ba intanet. Na uku, kowace waya da ƙarfin sautinta, dole a daidaita shi kafin a kusanci kunnen jariri.

Iyakar gwajin

Sakamakon iri biyu ne: ya wuce, ko a sake dubawa. Na biyun ba ya nufin kurumta, domin ruwan haihuwa da ya rage a kunne kan jawo shi. Haka kuma OAE ba ya gano matsalar jijiyar da ke kai sauti ƙwaƙwalwa, wadda shawara mai tsanani kan haddasa. Wannan sai gwajin ABR, da ake manna wayoyi a kan jariri. Duk jaririn da ya yi shawara mai tsanani ko sanƙarau, a kai shi sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna.

Kada kowa ya sauke manhaja ya cusa wa jariri iyafis a gida. Sautin da ba a daidaita ba zai iya lalata kunnen da ake son dubawa.