Kyan Ɗa Ya Gaji Ubansa

Karatu: Matiyu 5:43-48; Luka 6:32-36

Ya ɗan'uwa, ka dubi hadari sa'ad da ya taso daga gabas, ya rufe Dallol Mawri tun daga Matankari har Gesheme. Ko ka taɓa jin ruwan sama ya tsaya bakin gona yana tambayar addinin mai ita? Ko rana ta ƙi fitowa domin wani ya yi saɓo? Ubangijinmu Yesu ya nuna wa almajiransa wannan, domin su gane halin Ubansu na Sama. Yana ciyar da mai gode masa, yana kuma ciyar da wanda bai taɓa gode masa ba.

Mu ma da haka ya same mu. Ba mu biya kome ba. Tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu (dubi Romawa 5:8). Yanzu ana kiranmu 'ya'yan Allah. To, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. In Uba mai alheri ne, ƙaƙa ɗa zai zama mai rowa?

Rumbun Mahaifina

A shekara ta 1984 damina ta ƙi, hatsi ya bushe tun bai fid da kai ba. Ina yaro a lokacin. Akwai wani maƙwabcinmu wanda ya yi shekaru ba ya gaisuwa da mahaifina, saboda gardamar iyakar gona, da kuma saboda mahaifina ya zama mai bi. Wata rana muka lura kwana biyu ba a ji ƙarar turmi a gidansa ba. Da dare mahaifina ya shiga rumbu, ya fito da dami ɗaya, ya ce in kai masa. Damman da suka rage mana ba su da yawa. Na ce, "Baba, mutumin da ya ci mana gona?" Ya ce, "'Ya'yansa ba su ci gonar kowa ba. Ka ajiye, kada ka tsaya jiran godiya."

Mutumin bai zama Kirista ba, bai kuwa mayar da gonar ba. Amma 'ya'yansa sun rayu. Ranar da mahaifina ya rasu, yana cikin waɗanda suka haƙa kabari.

Ina Za Mu Fara?

Da fari, a cikin gida. Uban da ba ya magana da 'ya'yansa sai da tsawa da bulala, yana sa su tsammaci Allah ma haka yake (dubi Afisawa 6:4). Miji ya tausaya wa matarsa wadda ta wuni tana daka da ɗiban ruwa.

Na biyu, wajen rance. In ɗan'uwa ya zo cikin watan Agusta, rumbunsa ya ƙare, kada ka ba shi dami ɗaya domin ka karɓi biyu da kaka. Wannan cin wahalar matalauci ne.

Na uku, ga waɗanda ba namu ba. Tun 1950 asibitin mishan na Galmi yake karɓan marasa lafiya, Musulmi da Kirista da masu bin al'adun kakanni. Ƙofar gidanka ma ta zama haka, ga Bafillace mai wucewa da garke, da gwauruwa, da maraya.

Tambayoyi Domin Iyali

1. Wane gida ne a unguwarmu aka daina jin daka a cikinsa?
2. Wa muka daina gaisuwa da shi, kuma wa zai fara zuwa?

Addu'a

Ya Uba, ka ƙaunace mu tun ba mu san ka ba. Ka buɗe hannuwanmu da zukatanmu, domin maƙwabtanmu su ga kamanninka a cikinmu. A cikin sunan Yesu, Amin.