Ina Amsoshin Fom Suke Zuwa?

A da idan muka raba fom a aji, monita ne ke bi yana karɓa. Yanzu da ake cike fom a intanet, sai mu tambaya: wa zai karɓa, kuma a ina za a tara?

Mu fara da takardar PDF, wadda kamfanin Adobe ya fito da ita a 1993. Tana da gurabun rubutu, amma ba ta tara amsa da kanta. Wanda ya cike dole ya adana, ya aiko ta imel. Mutum 200, wasiƙa 200 ke nan, a buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Abin tausayi, wani zai cike a waya bai adana ba, ya aiko da fom wayam, ya zauna yana jiran kira.

Shi kuwa Google Forms yana jera amsoshi cikin jadawali. Shi muka fi so, ko da yake yana da iyakarsa. In muna son a haɗo hoto ko takardar shaida, ko mu hana mutum cikewa sau biyu, sai mai cikewa yana da asusun Google. Ba kowane uba ke da shi ba. Hotunan kuma suna cin gigabait 15 da mai fom ke samu kyauta. In wurin ya cika, fom ya daina karɓa.

Kafin mu aika wa iyaye, mu fara cike shi da kanmu a waya, mu ga inda amsar ta sauka.