Idan Oga Ya Nemi Abin da Ba Aiki Ba: Matakai Bakwai na Kare Kai da Ƙwato Hakki

Yawanci a hankali abin yake farawa. Yau a ce, "Ki ɗan tsaya bayan an tashi, akwai fayil ɗin da za mu duba." Gobe saƙo ya shigo da sha ɗayan dare: "Kin yi barci?" Jibi takardar ƙarin girmanki ta maƙale a teburinsa, in kin tambaya ya yi murmushi ya ce, "Ai ke ba yarinya ba ce." Mai irin wannan hali da abu biyu ya dogara: shirunki, da rashin hujjarki. Matakan nan na raba shi da su ne. Da mace nake magana domin mata abin ya fi shafa, amma duk namijin da ya faɗa wannan hali hanyar ɗaya ce.

1. Ki tantance abin da ke faruwa

Ki tambayi kanki: abin da yake yi ina so? Na nuna ba na so, ya ci gaba? Ya ɗaura albashina, hutuna, makina ko kujerata a kan amincewata? In haka ne, cin zarafi ne da amfani da muƙami, ko da bai taɓa jikinki ba. Kalaman batsa, hotuna, da kira ofis ba dalili duk suna ciki. Laifin ba na shigarki ba ne, ba na fara'arki ba.

2. Ki ce a'a, kuma a rubuce

In kin ga babu haɗari, ki tura masa gajeren saƙo: "Ranka ya daɗe, maganar da ka yi mini jiya a ofis ba na so. Don Allah mu tsaya kan aiki." Ban da zagi, ban da alamar dariya, ban da ba da haƙuri. Saƙon zai toshe ƙofar "ai wasa muke yi", kuma duk amsar da ya bayar ta zama hujja. Daga nan ki daina shiga ofishinsa ke kaɗai. In dole ne, ki bar ƙofa a buɗe.

3. Ki tara hujja tun kafin ki yanke shawarar kai ƙara

Nan ne ake cin shari'a ko a faɗi. Ki sayi ƙaramin littafi ki ajiye a gida, ba a ofis ba. Duk ranar da wani abu ya faru ki rubuta kwanan wata, lokaci, wuri, kalmomin da ya furta kamar yadda ya furta su, da wanda yake kusa, ko masinja ne ko direba. Ki ɗauki hoton saƙonnin WhatsApp yadda lambarsa da kwanan wata za su fito, ki tura wa imel ɗinki na kanki. Kada ki goge saƙon don ɓacin rai, kada ki sayar da wayar. Sashe na 84 na dokar shaida ta Najeriya ta 2011 ya yarda da hujjar waya da kwamfuta, amma kotu za ta so bayani kan na'urar da hujjar ta fito.

Ki kuma adana kwafin takardar ɗaukarki aiki, da na yabo, da rahoton ƙwazonki na shekara. Ranar da kika ƙi shi, daga ranar za a fara cewa kina makara, ba ki iya aiki ba. Tsofaffin takardun ne za su ƙaryata.

Misali, muryar da wata ɗaliba ta naɗa a waya ita ce ta tona asirin Farfesa Richard Akindele na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife. Hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ta gurfanar da shi, kuma a Disambar 2018 Babbar Kotun Tarayya da ke Osogbo ta ɗaure shi shekara biyu.

4. Ki shigo da mutum ɗaya amintacce

Yaya ce, ko uwa, ko miji, ko abokiyar aiki mai riƙon amana, ki faɗa mata tun da wuri. Gobe za ta shaida cewa tun a watan kaza kika kawo kuka. Ki shirya jin "ki yi haƙuri" ko "ki bar aikin kawai, mu rufa wa kanmu asiri." Kada ki rubuta takardar ajiye aiki cikin fushi kafin ki ga lauya, domin hakan na iya raunana ƙararki.

5. Ki kai koke a cikin gida, bisa ƙa'ida

Ki nemi kundin dokokin ma'aikatarku ki ga wa ake rubuta wa. Ki rubuta abin da ya faru a jere da kwanakinsa, ki haɗa kwafin hujja, asalin ya zauna a hannunki. Ki kai kwafi biyu, a buga miki hatimin karɓa a ɗaya ki tafi da shi. In akwai ƙungiyar ma'aikata, ki ba ta kwafi. In wanda kike ƙara shi ne shugaban wurin, ki tsallake zuwa hukumar gudanarwa ko ma'aikatar da ke sama da shi.

Ƙa'ida ba ƙaramin abu ba ce. A Maris 2025 Sanata Natasha Akpoti-Uduaghan ta shigar da koken cin zarafi kan Shugaban Majalisar Dattawa Godswill Akpabio, zargin da ya musanta. Kwamitin ɗa'a ya yi watsi da koken farko bisa hujjar cewa ita da kanta ta sa masa hannu, saɓanin dokar majalisar. In za a tare sanata da ƙa'ida, ƙaramar ma'aikaciya sai ta ninka kula.

6. In cikin gida ya gaza, ki fita waje

In ma'aikacin gwamnati ne ko malamin makarantar gwamnati, ICPC na ɗaukar wannan a matsayin cin amanar muƙami. In an kore ki ko an danne hakkinki, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumi, kamar yadda sashe na 254C na tsarin mulki ya tanada. A 2013 kotun ta ba Ejieke Maduka gaskiya a ƙarar da ta kai kamfanin Microsoft da shugabansa na Najeriya, ta sa a biya ta diyya. Dokar VAPP ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiwatarwa a Abuja, ta haramta nau'o'in cin zarafi, kuma jihohi da dama, ciki har da Kaduna da Bauchi, sun yi tasu. In babu kuɗin lauya, akwai ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA da Hukumar Kare Hakkin Ɗan Adam ta Ƙasa. Ki hanzarta, wasu ƙararrakin suna da wa'adi.

In har ya yi amfani da ƙarfi, asibiti ne farko, kafin wanka da wankin tufafi. Maganin kariya daga ƙanjamau a cikin awa 72 ake fara shi. Akwai cibiyoyin kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, irin su Waraka a Kano, da Salama a Kaduna, da Nana Khadija a Sakkwato.

7. Ki iya bakinki

Gangamin ArewaMeToo na 2019, inda mata suka riƙa fallasa masu cin zarafinsu, ya nuna cewa intanet na iya fasa shiru, amma wanda aka ambaci sunansa yakan rama da ƙarar ɓata suna. A jihohin da ke bin shari'ar Musulunci kuma akwai hukuncin ƙazafi, bulala 80 ga wanda ya jefi wani da zina ba shaidu huɗu. Don haka ki tsaya kan abin da ya faɗa da abin da ya yi miki, kada ki ƙara da jita-jitar wasu matan, kuma lauya ya ga rubutunki kafin duniya ta gani.

Ku kuma abokan aiki da kuke ganin ana kiranta ofis ana rufe ƙofa, kuna ganin ta fito tana share hawaye a makewayi: in an kira ku shaida, ku faɗi abin da kuka gani. Ɓoye shaida zunubi ne, kuma wanda aka kyale yau, gobe 'yar wani zai nema.