Me Ya Sa Tsohuwar Babbar Mota Ke Ƙin Tashi Da Sanyin Safiya?



Duk wanda ya bi ta tasha ko ta kasuwar Illela da sassafe a lokacin hunturu ya saba ganin yaran mota suna tura babbar mota, direba kuma yana ta faɗa. Haka ta faru da kawuna wata ranar Litinin a watan Janairu. An cika masa tsohuwar Marsandi 911 da albasa tun daren Lahadi, za shi Kudu. Da asuba motar ta ƙi tashi. Albasa kuwa ba ta son jira, in ta daɗe a buhu sai ta fara ruɓa. Na raka shi kiran bakanike, na tsaya ina kallo. Ga abin da na koya.

Yadda injin dizal yake kama wuta

Injin fetur yana da fulogi mai tartsatsi. Injin dizal, wato mai shan gas, ba shi da shi. Fistin ne yake matse iska ƙwarai har zafinta ya wuce digiri 500, sannan nozul ya fesa mai, sai ya kama da kansa. Wani Bajamushe mai suna Rudolf Diesel ne ya ƙirƙiro shi, injinsa ya fara aiki sosai a 1897.

Ku gwada a gida: ku toshe bakin famfon keke da yatsa, ku yi ta bugawa. Za ku ji ya yi ɗumi. Iskar da aka matse ce ta kawo zafin. To da sanyin safiya, ƙarfen inji yakan shanye wannan zafi kafin mai ya kama.

Saurara tukuna, kafin ka ɗauki sufana

1. Idan ka murɗa makulli inji ya juya a hankali kamar mai jin barci, duba batir. Sanyi yana rage masa ƙarfi. Yawancin manyan motoci suna da batir biyu masu bolt 12, a haɗe su ba da 24, kuma ɗaya in ya mutu yakan ja ɗan uwansa. A kankare farin garin da ke kan batir, a ɗaure shi tamau.

2. Baƙin mai yana yin kauri da sanyi, kamar man shanu. In ya tsufa, sai kik ya sha wuya wajen juya inji. A riƙa juye shi a kan lokaci.

3. Idan inji yana juyawa da ƙarfi amma babu hayaƙi ko kaɗan a salansa, mai ne ba ya isowa. Ko filta ta toshe, ko iska ta shiga bututun mai cikin dare. Ana sassauta ƙusar da ke kan filta, a yi ta danna famfon hannu har kumfa ta ƙare, sannan a ɗaure.

4. Idan farin hayaƙi yana fita, mai yana zuwa amma bai ƙone ba, wato zafi bai isa ba. A duba hita idan motar tana da ita. In kuma ringi ne ya cinye, iska na tserewa ta gefen fistin, sai an sauke inji.

5. Ƙurar hunturu tana toshe filtar iska. A cire a kakkaɓe.

Motar kawuna lamba 3 ce ta same ta. Wani bututu ne ya ɗan tsage. Aka canza shi, aka fitar da iska, ta tashi kafin a buga mana ƙararrawa.

A Turai gas yakan daskare saboda tsananin sanyi, amma namu na Illela da Ƙonni bai kai haka ba. Shi ya sa bakaniken ya ce wa kawuna: "Alhaji, sanyi bai ɓata maka mota ba, asirinta ya tona. Ciwon ya daɗe a jikinta."

Hattara

Kada a riƙe makulli fiye da daƙiƙa 15, kik zai ƙone. Wasu suna hura wuta a ƙarƙashin inji ko su kara tsumma mai ci a bakin iska. Wannan ganganci ne, yana iya cinye mota da kaya da mutum. Mu yara kuma kada mu shiga tura mota, don tana iya dawowa baya.

Tambayar mako: me ya sa motar da ta wuni tana tafiya take tashi bugu ɗaya da yamma? Ku kai amsa wurin malamin Ƙungiyar 'Yan Jarida kafin Juma'a.

Daga ɗan aji biyu, ƙaramar sakandare