Ta Ce Kada In Gaya wa Kowa

Wata malama da ke koya wa 'yan mata ɗinki da yamma a wata unguwa a Kano ta rubuto wa wannan fili. Ɗalibarta 'yar shekara 12, wadda a da bakinta ba ya hutawa, ta yi tsit tun bayan Sallah. Da an dafa kafaɗarta sai ta zabura. In an tashi, ta tsiri share-share don kada ta koma gida. Fitsarin kwance ya dawo, har an kai ta ruƙiya. Makon jiya ta raɗa wa malamar cewa ƙanen mahaifinta yana shigar mata ɗaki da dare, ta roƙi kada kowa ya ji. "In na faɗa na ci amanarta, in na yi shiru me zan gaya wa Allah?" in ji malamar.

Amsa

Malama, Allah Ya saka miki da kika saurare ta. Zabura, shiru da fitsarin kwance alamu ne da aka san su a jikin yaron da ke kwana da tsoro. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi da UNICEF a 2014 ya nuna mace ɗaya cikin huɗu, da namiji ɗaya cikin goma, an ci zarafinsu ta hanyar lalata kafin su kai shekara 18. Yawanci kuma mai yin ba baƙo ba ne.

Yarinyar na buƙatar jin abu biyu daga bakinki: kin yarda da ita, kuma ba laifinta ba ne. Sannan ki gaya mata gaskiya, cewa za ki sanar da wanda zai kare ta. Kada ki tsare ta da tambayoyi, kada ki tunkari mutumin. Rubuta kalmominta yadda ta furta su, da kwanan wata.

Za a ce a rufa wa gida asiri. Wannan rufin asirin mutumin yake karewa, ita kuwa a gidan take kwana.

Ki keɓe da mahaifiyar yau, a raba yarinyar da gidan, ku nufi cibiyar Waraka mai kula da waɗanda aka ci zarafinsu, da ke Asibitin Murtala. In abin ya auku kwanan nan, maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi. In uwar ta noƙe, Dokar Kare Yara ta Kano ta 2023 tana bayanki: kai rahoto ga 'yan sanda ko Ma'aikatar Mata. Kujerarta a ajin ɗinki kuwa, ki bar mata ita.