Ni Akanta Ce, Ina Baiwata Take?

Wata matashiya daga Nassarawa GRA a Kano ta aiko da wannan tambaya: "Baba, ni akanta ce a wani kamfani a Bompai. Kullum ana mana wa'azi cewa kowane mai bi yana da baiwa. Ni ban iya waƙa ba, in aka ce in yi addu'a a gaban jama'a sai bakina ya kama rawa. Na cike wata takardar gwaji a intanet, ta ce wai baiwata annabci ce. Yaya zan gane gaskiya?"

'Yata, damuwarki ta samo asali ne daga abin da ido ya saba gani ran Lahadi. Mai wa'azi da mawaƙa su ke gaba, sai mutum ya ɗauka baiwa ta ƙare a kansu. Ki buɗe Romawa 12. Cikin baye-bayen da Bulus ya lissafa har da hidima, bayarwa, shugabanci da jinƙai. A 1 Korantiyawa 12 ya ƙara taimako da iya gudanar da al'amura. Jerin nan biyu ba su zo daidai da juna ba, alamar ke nan bai yi nufin rufe lissafi ba. Abin da ya nanata shi ne, ana ba mutum baiwa domin amfanin sauran jama'a. Tun a Fitowa 31 ma, Bezalel da aka cika da Ruhun Allah mai aikin hannu ne: zinariya, azurfa, sassaƙa.

Kada ki yi saurin raba iyawarki ta lissafi da aikin Ruhu. Gaskiya ne wanda bai san Almasihu ba yana iya zama gwanin akanta. Amma wanda ya halicce ki da son lambobi shi ne ya kira ki, kuma sau da yawa abin da ke hannun mutum shi Allah yake tsarkakewa ya mora.

Ita kuwa takardar gwajin, irinta sun yaɗu ne daga ikilisiyoyin Amurka tun shekarun 1970. Ba haramun ba ne, sai dai ke take tambaya game da ke, abin da kika faɗa mata shi take mayar miki. Mutum kuwa yakan yi kuskure a kan kansa ta fuska biyu: ya raina abin da ya iya don yana zo masa da sauƙi, ya kuma yi kwaɗayin abin da ake tafa wa wani a kai.

A Littafi Mai Tsarki, wasu ne sukan fara ganin baiwar mutum, kuma a bakin aiki suke ganinta. A Ayyukan Manzanni 6, da aka yi gunaguni kan rabon abincin gwauraye, jama'a ce ta zaɓi mutum bakwai da ta riga ta shaida halinsu. Barnaba da Shawulu suna cikin hidima a Antakiya aka keɓe su.

Tarihinmu ma haka ya nuna. Dakta Walter Miller likita ne, ya iso Kano a 1900 cikin ayarin Bishop Tugwell, Sarki Alu ya sallame su. A 1905 ya zauna a Zariya. Da ilimin magani ya zo, amma yau an fi tuna shi da fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932. Zama da mutane da sauraron bakinsu ne suka fito da wannan baiwa. Ki dubi kuma Asibitin Ido na ECWA da ke kusa da ku, wanda aka buɗe a 1943, ki tambayi kanki mutum nawa masu riƙon littafin kuɗi suka ɗauke shi har ya kai yau.

To, ga abin yi. Ki sami ma'ajin ikilisiyarku ki ce kina so ki taya shi aiki na wata shida. In ba a buƙatarki a nan, Zumuntar Mata na da asusu, akwai kuma gwauraye masu ƙananan sana'o'i a Kasuwar Sabon Gari da ba su iya raba jari da riba ba. Ki ɗauki abu ɗaya tak. Kada ki yanke hukunci a makonnin farko, lokacin da komai ke da daɗi, don ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Ki lura ko aikin yana amfanar wani, ko kuma kina iya ci gaba ran da babu wanda ya ce sannu. Sannan ki tambayi mutum biyu da suka ga aikin, masu iya gaya miki abin da ba ki so. Mahaifiyarki ba ta ciki, a wurinta komai kika yi daidai ne.

Idan amsar ta zo cewa ba nan ba ne, ba zunubi kika yi ba, ki gwada makarantar Lahadi ko ziyarar marasa lafiya. Ki dai yi hattara da duk wanda ya ce ki kawo kuɗi ya buɗe miki baiwa. Bitrus ya tsawata wa Siman mai sihiri a kan wannan a Ayyukan Manzanni 8. Batun rawar baki kuma, ki fara da yin addu'a da murya cikin mutum uku ko huɗu a taron addu'a na gida.