Kafin Ma'aikata Ta Sa Hannu a Kwangilar Manhaja

A 2002 gwamnatin Birtaniya ta ƙaddamar da gagarumin shirin zuba bayanan marasa lafiyar Ingila a kwamfuta. Kwangiloli ne manya, masu dogon wa'adi, a hannun kamfanoni ƙalilan. A 2011 aka rushe shirin bayan ya laƙume biliyoyin fam. Shekarar da ta biyo baya aka ɓullo da sabon tsarin sayayya mai suna G-Cloud: sharuɗɗa iri ɗaya ga kowane kamfani, farashi a fili, wa'adi gajere.

Jami'in sayayya a Najeriya ma yana da madogara. Dokar sayayyar gwamnati ta 2007 ta kafa hukumar BPP, wadda ke fitar da daidaitattun takardun kwangila, kuma ayyukan fasahar kwamfuta na tarayya sai da amincewar hukumar NITDA. Kuskure ne jami'in ya karɓi takardar da lauyan kamfani ya rubuto, don shi lauyan, ubangidansa yake karewa.

Sai dai fom ba ya cike kansa. Dole jami'in ya rubuta ƙarara cewa bayanan jama'a mallakar ma'aikata ne, da tarar da kamfani zai biya duk sa'ar da manhaja ta tsaya. Sashen da aka fi mantawa shi ne na rabuwa: cikin kwana nawa, kuma a wane tsari, za a miƙa bayanan ga wanda ya gaji aikin.